Tambayoyi da amsoshi kan ajiyar tabar siga: abin da shekaru da danshi ke yi wa kamanninta da ɗanɗanonta

Na yi shekara shida ina kula da ɗakin ajiyar taba a wani shago a Dubai, aikina kenan kullum, in duba ma'aunin danshi safe da yamma, in juya kwalaye, in ware wadda ta fara lalacewa tun kafin ta shafi 'yan'uwanta. Da na dawo gida sai tambayoyi suka yi ta zuwa, wani an kawo masa tsarabar kwali ɗaya daga Landan bai san inda zai sa ba, wani ma'aikacin otal ne a Abuja an damƙa masa akwatin baƙi an ce ya kula, wani kuma shi dai son sani ne kawai. Toh ga waɗanda aka fi yi min da amsar da nake bayarwa.

Malam wai mecece sigar nan ma, ba sigari ba ce?

A'a. Siga ita ce tabar nan mai kauri launin ƙasa wadda ake ganin Fidel Castro ko Churchill da ita a hoto. Babu takarda a jikinta, ganyen taba ne zalla tun daga ciki har waje, kuma hawa uku gare ta: akwai ganyen ciki da masu naɗi a Kyuba ke kira tripa, akwai wanda ke ɗaure shi wato capote, sai rigar waje, capa, wadda ita ido ke gani. Tunda ganye ne tsantsa da aka naɗe da hannu, yana shan danshi yana saki kamar yadda fata ko itace ke yi, yana kumbura yana motsewa, yana ɗaukar warin duk abin da ke kusa da shi. Duk maganar ajiya daga nan ta taso.

Da gaske ne in ta daɗe a ajiye tana ƙara daɗi?

Gaskiya ne amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne mutane ke tsallakewa. Ka san goro daushe ai, wanda ya kwana shekara a huhu, ya yi garɗi ya rage ɗaci har tsofaffi ke nemansa da tsada. Amma daushen nan bai zama daushe don watanni sun wuce kawai ba, sai don mai goro yana buɗe huhun yana canja ganyen fita yana cire mai sankara yana yayyafa ruwa daidai gwargwado. Ka jefa goro a kan tebur wata uku ka gani in zai zama daushe, ƙanjamewa zai yi ya zama dutse. Haka siga take.

Abin da ke faruwa a cikinta shi ne, ganyen bai gama sauyawa ba ko bayan an naɗe shi. Sauran ammoniyar da ke ciki, wato iskar nan mai warin fitsari, tana fita a hankali, kaifin nan mai kartar maƙogwaro yana laushi, sannan ganyayen ciki da aka haɗa daga sassa daban-daban na shuka ƙamshinsu yana shiga juna har ka kasa raba wannan da wancan. Sabuwar siga za ka ji yaji a gefe, zaƙi a gefe, ɗaci a gefe, kowa na jan nasa. Wadda ta yi shekara uku zuwa biyar a wuri mai kyau sai ka ji sun zauna lafiya, yajin ya koma baya, ƙamshin itace da fata da koko da wani abu kamar busasshen dabino ya fito gaba. Amma fa in ganyen tun asali mara kyau ne, ko shekara 20 ya yi mara kyau zai fito, sai ma ya ƙara lami. Na ga mutane sun sayi mai araha sun ɓoye suna jiran ta zama wani abu, ba ta zama.

Ba a masana'anta ake tsufar da ita ba tun farko?

Ana yi, kuma mafi yawan aikin ma can ne. A Pinar del Río da ke yammacin Kyuba, musamman yankin Vuelta Abajo, in an tsinki ganye ana rataye shi a rumbun shanya wajen kwana 45 zuwa 50 har ya tashi daga kore ya koma ruwan ƙasa. Daga nan a jibge shi tsibi-tsibi, pilón suke cewa, ya ɗau zafi da kansa ya yi gumi kamar yadda ake rufe kalwa in za a yi daddawa, a nan ne yawancin ammoniya da ɗaci ke fita, kuma ana sa ma'aunin zafi a ciki in ya yi yawa a rushe tsibin a sake jerawa. Sai a ɗaure shi dami-dami a ajiye, ganyen rigar waje ma a cikin ɓawon wani irin kwakwa da suke kira yagua ake naɗe shi. Ganyen ƙasan shuka, volado, shi ne mai taimaka wa wuta ci kuma baya buƙatar dogon jira, na tsakiya seco shi ne mai ƙamshi, na sama ligero wanda ya fi shan rana shi ne mai ƙarfi kuma shi ya fi daɗewa a ajiye, shekara biyu ko uku. Bayan an naɗe ma sai an sa karan a wani ɗaki mai rufin sida, wani itace mai ƙamshi, escaparate suke kiran ɗakin, su huce su saki ruwan da aka jiƙa ganyen da shi wajen naɗi.

Shiyasa in ka ga an rubuta Reserva a sigar Kyuba, ganyenta ya yi aƙalla shekara 3 kafin naɗi, Gran Reserva shekara 5. Akwai kuma wadda suke kira Añejados, ita bayan an naɗe an sa a kwali ne aka bar ta shekara 5 zuwa 8. Kamfanin Padrón mai gonaki a Nikaragwa shi ma sigarsa mai suna 1964 Anniversary ganyen shekara 4 ne. Kaga tsufan ganye kafin naɗi daban, tsufan kara bayan naɗi daban, na biyun ne kawai ke hannunka.

Toh nawa ne danshi da zafin da ya dace?

Abin da aka fi yaɗawa, musamman daga Amurka, shi ne danshi kashi 70 cikin 100 da zafi digiri 21. Kamfanin Habanos mai fitar da sigar Kyuba shi kuma cewa yake digiri 16 zuwa 18, danshi kashi 65 zuwa 70. Ni a ganina 65 ya fi, musamman ga ta Kyuba da ake naɗewa da ɗan tsauri, tana ci da kyau a haka kuma funfuna ba ta samun ƙofa. Tsofaffin shagunan Landan ma da suka shahara da ajiye siga shekara da shekaru a ɗan bushe suke barinta, ba a jiƙe ba.

Amma wallahi in za ka riƙe abu ɗaya daga duk bayanin nan ka riƙe wannan, tsayuwa a lamba ɗaya ta fi dacewa da lambar. Akwatin da ke zaune a 67 wata da watanni ya fi wanda yau 62 gobe 74 jibi 66 ko da in ka haɗa ka raba zai ba ka 67 ɗin. Duk hawa da sauka ganyen ciki na kumbura yana motsewa, rigar waje kuma siririya ce ba ta iya bin sa, ƙarshe sai ta tsage.

Yaya zan gane ta bushe da yawa ko ta jiƙe da yawa?

Matsa ta a hankali tsakanin babban yatsa da manuni. Lafiyayya za ta ɗan lotsa ta dawo. Busasshiya za ka ji ƙaras-ƙaras kamar karmami, rigar ta dusashe babu sheƙi, in ka yanka kan sai ta fara warwarewa, in aka kunna kuma tana ci da sauri da zafi tana ƙona harshe, ɗanɗanon kamar an kunna takarda. Jiƙaƙƙiya kuma taɓas take kamar soso, ja baya fita sai da ƙarfi, wuta na mutuwa kowane minti biyu, gefe ɗaya na ci ɗaya na tsaye ko cikin ya cinye ya bar rigar, ga ɗaci da tsami-tsami a baki. Sau da yawa mutum zai ce wannan kamfanin sigarsu ba daɗi alhali danshin akwatinsa ne ya kai 75. In haka ta faru ka fitar da karan ka sa a busasshen kwalin sida kwana ɗaya ko biyu kafin a kunna, bambancin zai ba ka mamaki.

Wadda ta bushe tana dawowa?

Jikinta na dawowa, ranta ne ba lallai ba. In bushewar ta sati biyu ko uku ce za a iya ceto, amma a hankali, ka fara sa ta a danshi 62 na sati biyu, ka matsa 65, ka bari wata guda ko fiye. In ka ɗauko ta daga bushewa ka jefa a 72 kai tsaye, cikin zai sha ruwa ya kumbura kafin riga ta yi laushi, ta fashe daga ƙasa zuwa sama. Wadda kuwa ta yi rabin shekara a durowa, man ganyen da ke ɗauke da ƙamshi ya riga ya tashi, za ta yi laushi ta yi kyau a ido amma in an kunna hayaƙi ne kawai.

Kamanninta na canjawa da shekaru? Me zan duba?

Yana canjawa, sai dai a hankali. Abu na farko da nake dubawa shi ne zoben takarda mai sunan kamfani da ake sa mata a wuya, a sabuwa yana kama jiki tam, a wadda ta daɗe sai ka ga yana zamewa sama da ƙasa saboda karan ya ɗan rame. Na biyu leda, ga wadda ta zo a leda kenan irin na Nikaragwa da Jamhuriyar Dominikan da Honduras, ta Kyuba ta hannu galibi tsirara take zuwa a kwali. Ledar na tashi daga fara ta koma ruwan ɗorawa har ruwan zuma saboda man da ganyen ke fitarwa, haka farar takardar cikin kwali ma za ka ga ta yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa. Rigar kanta a wuri mai kyau launinta na ƙara zama, ta yi laushi a hannu da ɗan maiƙo. In kuma haske na dukanta, irin akwatin nan mai murfin gilashi da ake ajiyewa kusa da taga don ado, layin sama zai koɗe ya yi fari-fari alhali na ƙasa na nan da launinsa.

Abin da shekaru ba sa yi shi ne mayar da mai haske baƙa. Launukan nan da ake kira claro, colorado, maduro, oscuro, wato daga mai haske zuwa mafi duhu, tun daga gona da wajen gumi aka samo su, maduro ganye ne da aka bari ya daɗe yana gumi da zafi har ya yi duhu ya yi zaƙi-zaƙi. Claro ba za ta zama maduro a akwatinka ba ko ta shekara nawa. Sannan ɗigon kore ko fari-fari da wani lokaci ake gani a riga tun tana sabuwa, wannan daga gona ne ko rumbun shanya, baya yaɗuwa baya taɓa ɗanɗano. Launin toka ma mutane na jingina shi da shekaru, amma ƙasar da aka shuka tabar ce ta fi yanke shi.

Na ga wani farin abu a jikinta, wani ya ce min alamar ta nuna ce, gaskiya ne?

Nan ne ake ta rigima shekara da shekaru. Tsofaffin masu harkar na cewa akwai wata farar ƙura mai ƙyalli da man ganye ke fitowa da ita a jikin tsohuwar siga, plume suke kiranta, wai alamar ajiya ta yi kyau, daban take da funfuna. Nima haka aka koya min a shago. Amma a 2017 wani dillalin sigar Kyuba a Ostareliya ya tara karan da masu su ke rantsuwa plume ne ya kai ɗakin gwaji, sakamakon da ya dawo funfuna ne da ƙwayoyin cuta, ba a sami wannan man da ake faɗa ba. Tun daga nan ni duk farin abu funfuna nake ɗaukarsa har sai an nuna min akasin haka.

Abin yi shi ne, in fari ne sama-sama a kan riga, goge da busasshen ƙyalle mai laushi, ware karan daga sauran, sauke danshin akwatin zuwa 62 ko 65. In yana da gashi-gashi kamar na burodin da ya kwana biyu, ko kore ne ko shuɗi, ko ya bar tabo bayan an goge, ko kuma ya shiga ta ƙasan karan inda ganyen ciki ke buɗe, yar da ita kawai kar ka yi ciniki da lafiyarka. Akwatin ma a kwashe komai a goge shi a bar shi ya sha iska. Yawanci danshi sama da 72 da zafi da rashin buɗewa ne ke kawo ta, ko ruwan famfo da aka zuba a soson da ke ba akwatin danshi.

Na ga ƙananan huji kamar an soka allura, menene?

Innalillahi, wannan shi ne ƙwaron taba, kuma shi na fi tsoro fiye da funfuna nesa ba kusa ba. Ɗan ƙaramin ƙwaro ne ruwan ƙasa, milimita biyu zuwa uku, masana na kiransa Lasioderma serricorne, ƙwansa na iya zuwa a cikin ganyen tun daga masana'anta yana kwance shiru, da zarar zafi ya haura digiri 22 zuwa 23 ga danshi sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi ta cin hanya a ciki kamar yadda ake yi wa wake a buhu. In ka buga ƙasan karan a kan farar takarda za ka ga gari ruwan ƙasa na zubowa. Na taɓa buɗe kwalin wani baƙo da ya bari a but ɗin mota sati guda a lokacin zafi, kara 25, babu ko ɗaya da ta tsira, abin ya tsaya min a rai don kaya ne masu kyau ƙwarai.

Maganinsa sanyi. Mai huji a zubar, sauran a sa a leda mai zif ninki biyu a matse iskar, kwana ɗaya a firij, kwana uku a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, a dawo firij kwana ɗaya, sannan a bari ta huce a cikin ledar kafin a buɗe. Matakan firij ɗin nan don kar riga ta tsage ne. In wuta na ɗaukewa a unguwarku kwana ukun nan ba su cika ba, ƙara kwanaki ko ka kai inda ke da sola. Manyan kamfanoni na daskarar da kayansu kafin fitarwa, amma ni a yanayinmu duk kwalin da ya shigo hannuna sai ya bi ta firiza tukuna.

A Kano ko Yamai ko Maiduguri mutum zai iya ajiye ta kuwa?

Zai iya amma sai ya yarda yanayinmu uku ne kuma kowanne da nasa sharrin. Hunturu danshin iska na sauka ƙasa da kashi 20, kara in ya kwana biyu a waje ya zama kirare. Bazara zafi na kai digiri 40, lokacin ƙwaro kenan. Damina kuma wajen Agusta danshi na haura 80, ga funfuna. Akwatin katako mai kyan gani da aka ƙera don ɗakin Turai baya iya wannan kokawar, hunturu na zuƙe shi ta kowace kafa.

Abin da na ga yana aiki ba shi da tsada: roba mai murfi mai kama iska irin ta ajiye abinci, sabuwa wadda ba a taɓa zuba komai ba, ko kula in kayan da yawa, ka shimfiɗa fallayen sida daga tsohon kwalin siga, ka jefa fakitin daidaita danshi irin Boveda mai lamba 65, shi yana ba da danshi in ya yi ƙasa yana shanyewa in ya yi yawa. Sai ka nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa, nesa da bangon da rana ke duka, ka riƙa buɗewa sau ɗaya a sati ko biyu iska ta canja. Kula na da amfanin rage hawa da saukar zafi tsakanin lokacin da esi ke aiki da lokacin da aka ɗauke wuta. Ƙananan firij ɗin nan na ajiye siga marasa kwamfuresa kuma ka sani wajen digiri 10 kawai suke iya saukewa ƙasa da zafin ɗaki, in ɗakinka 38 ne lissafa ka gani.

Me zai hana in sa a firij ɗin gida shikenan?

Kar ka fara. Firij busar da abu yake, kuma duk warin da ke ciki, kifi ne albasa ce miya ce, sai ganyen ya kwashe.

Maganar wari, turaren ɗaki na shafarta?

Sosai ma, kuma wannan matsalar gidajenmu ce ta musamman. Turaren wuta, humra, turaren kaya a wardirof, kafur, maganin sauro, duk tana sha kuma in ta sha ba ya fita. An taɓa kawo min kara daga akwatin da aka ajiye a ɗakin uwargida, tun kafin in kai hanci na ji sandal, tabar kam babu ita. Haka sigar da aka sa wa ƙamshi da gangan irin Acid ta kamfanin Drew Estate ko masu banila, wurinsu daban, in ka haɗa su da sauran wata biyu duk akwatin ya zama abu ɗaya. Ko tsakanin na gargajiya ma in za a daɗe, gara kowane iri ya zauna a kwalinsa, mai ƙarfi na rinjayar mai sanyi in suna manne babu leda.

Me ya sa kullum itacen sida ake ambata?

Sunansa sidan Sifaniya amma ba daga Sifaniya yake ba, itacen yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, Cedrela odorata, kuma abin sha'awa dangin maɗaci da darbejiya ne namu na nan. Yana shan danshi yana saki a hankali, baya saurin lanƙwasa, ƙamshinsa kuma na tafiya da na taba. Sabon akwati sai an fara shayar da katakon kafin a zuba kaya, in ba haka ba shi zai tsotse sigar. Sa ƙaramin kofi na tataccen ruwa irin na kemis a ciki ka rufe wasu kwanaki, ko fakitin danshi mai lamba 84 na sati biyu. Banda goga jiƙaƙƙen tsumma a katakon, banda fiya wata, banda ruwan batir mai asid.

Ma'aunin danshin ma gwada shi, da yawa ƙarya suke musamman masu allura. Cika murfin kwalba da gishiri, ɗiga ruwa har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, sa shi da ma'aunin a leda mai zif ka rufe kwana ɗaya. Dole ya nuna 75. In ya nuna 70 ka san kullum sai ka ƙara 5 a abin da ya faɗa maka.

Na sayi sabon kwali ina jin warin fitsari-fitsari, jabu ne?

Ba lallai ba. Ammoniya ce, tana fitowa a sigar da ba ta daɗe da naɗi ba, masu harkar na cewa tana cikin ciwo. Ta fi yawa a shekarar farko. Rufe ka manta da ita wata shida ka sake shinshinawa. In ta Kyuba ce juya kwalin, a ƙasa akwai hatimin wata da shekara da harshen Sifaniyanci, ENE Janairu ne, ABR Afrilu, AGO Agusta, DIC Disamba, sai lamba biyu na shekara, daga nan za ka san shekarunta. Ko wadda ba ta wari ma in ta sha tafiya a jirgi ko kago, ba ta sati biyu zuwa wata ta huta kafin ka yanke mata hukunci.

Kowace iri ce ke son tsufa?

A'a. Masu ƙarfi masu yawan ligero su ke da abin da za su bayar, irin Bolívar da Partagás da Ramón Allones na Kyuba, waɗannan shekara biyar ba komai ba ne a wajensu. Mai sanyi mai farar rigar da ake kira Connecticut, sunan wata jiha a Amurka, tun farko ƙamshinta siriri ne, in ta wuce shekara biyu uku sai ka tarar ta zama iska. Toscano ta Italiya kuma dama busasshiya ake yinta, ba ta buƙatar wannan hidimar.

Akwai wadda nake so 'yan'uwanmu na Kamaru su sani, don da yawa ba su san ƙasarsu na da suna a wannan duniyar ba. Ganyen riga na Kamaru, wanda ake nomawa a gabashin ƙasar wajen Batouri har tsallake cikin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya daga irin da aka kawo daga Sumatra, yana cikin mafi daraja, shi ne a jikin sigar Hemingway da Don Carlos na kamfanin Arturo Fuente. Yana da 'yan ƙuraje-ƙuraje a jiki da zaƙi mai ɗan yaji, amma siriri ne ƙwarai, shi ne na farkon tsagewa in danshi ya yi wasa. Mai irin wannan kar ya cire mata leda.

Yadda aka shirya kwalin ma na da tasiri. Wadda ke cikin bututun alminiyom ko babban kwalin katako mai kara 50 da aka ɗaure da ƙyalle iska ba ta shiga sosai, tsufanta a hankali yake kuma ya fi zurfi, wadda aka baje a faranti a akwati ana buɗewa kullum ta fi saurin laushi ta fi saurin gajiya.

In ta tsufa illarta ga lafiya na raguwa?

Ko kaɗan. Laushin da ake ji a maƙogwaro ne kawai, nikotin na nan, kuma hayaƙin siga na jawo kansar baki da harshe da maƙogwaro ko mutum baya zuƙa har huhu, ga cutar da na kusa da shi. Malamai da yawa ma sun haramta shan taba kowace iri. Wanda bai fara ba ba na ba shi shawarar ya fara don ya ji labarin ƙamshi.

Akwai lokacin da ake cewa ta wuce, ta tsufa da yawa?

Akwai. Ana gwanjon sigar Kyuba da aka yi kafin takunkumin Amurka na 1962, da Davidoff ɗin da aka naɗa a Kyuba kafin kamfanin ya koma Jamhuriyar Dominikan wajen 1990, kuɗi masu yawa ake zubawa, amma rabin kuɗin tarihi ake saya, kuma abin da mai saye ke fara tambaya shi ne a ina ta kwana duk shekarun nan, hannu nawa ta bi. Wasu na fitowa da ƙamshi mai laushi kamar shayi da tsohon katako, wasu kuma babu komai sai ɗumin hayaƙi. Yawancin sigar da mutum zai samu tana kai ƙarshen kyanta tsakanin shekara 3 zuwa 10, daga nan sai gangara.

Hanyar da nake bi ita ce in liƙa 'yar takarda a ƙasan kwali da ranar da ya shigo, duk wata shida a ɗauki kara ɗaya a gwada a rubuta abin da aka ji a layi biyu, yaji ya ragu ko bai ragu ba, wuta ta ci daidai ko ta karkace. Ranar da ka ga rubutun bana ya fi na bara gajarta, ƙamshin da ka saba ji a tsakiyar kara ya fara nisa, toh kwalin ya kai inda zai kai, kar ka ƙara masa wata shekarar.